Wa aka yarda sadauki ya daka? Fashin baƙi kan tsofaffin mujallun Superman da takwarorinsa

Duk wanda ya san Superman ta finafinai kawai, ranar da ya buɗe labarinsa na farko sai ya ɗauka an sauya masa mutum. Kayan dai su ne, shuɗiyar riga da jar alkyabba, amma wanda ke cikinsu halinsa daban. Ba ya tashi sama, tsalle yake yi. Ba ya neman izinin kowa. Waɗanda yake damƙa kuma ba dodanni ba ne daga wata duniya: mai dukan matarsa ne, da mai sayen sanata, da attajiri mai sayar da makamai, da mai mahaƙar kwal. Na daɗe ina bin waɗannan tsofaffin mujallu na labari cikin zane, waɗanda ake kira komik, a sabbin bugun da aka tattara su, kuma tambaya ɗaya ce ta fi buɗe mini su: a kowane zamani, wa aka yarda sadaukin ya ɗaga wa hannu, wa kuma aka ce kada ya kuskura? Amsar ta sauya sau da yawa tsakanin 1938 da 1971, kuma sau tari ba marubucin ne ya sauya ta ba.

Mu fara daga tushe. Mujallar Action Comics, fitowa ta 1, tana ɗauke da watan Yuni na 1938, ana sayar da ita senti 10, wato kashi ɗaya cikin goma na dala. A bangonta ga mutum ya ɗaga koriyar mota sama da kansa yana maka gabanta a jikin dutse, taya ta cire tana gangarawa, a kusurwar ƙasa ta hagu kuma wani ya riƙe kai da hannu biyu yana gudu, idanunsa kamar za su faɗo. Wanda bai san labarin ba ba zai iya cewa mai ɗaga motar mutumin kirki ba ne ko ɗan ta'adda. Samari biyu ne daga birnin Cleveland suka ƙirƙiro shi, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, dukansu 'ya'yan Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Turai. Sun tashi a cikin karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929, lokacin da magidanta ke bin layin karɓar abinci. Mahaifin Siegel ya rasu a 1932 lokacin da ɓarayi suka shiga shagonsa na tufafi. Sun yi shekaru suna yawo da Superman daga wannan kamfani zuwa wancan ana ce musu a'a, har suka sallama shi a kan dala 130, shafi 13 a kan dala goma-goma, haɗe da duk wani haƙƙin mallaka. A riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa.

Shafuka 13 ɗin nan ba su da lokacin gaisuwa. Cikin dare Superman ya dira gidan gwamna, saura 'yan mintoci a zartar da hukuncin kisa a kan wata mata da ba ita ta yi laifin ba. Hadimin gidan ya ce gwamna na barci, a dawo da safe. Sai ya ɓalle ƙofa, ya ɗauki hadimin ya hau bene da shi, ya yage ƙofar ƙarfen ɗakin barci, ya miƙa wa gwamna takardar amsa laifi ta ainihin mai kisan. Daga nan ya wuce gidan da wani ke jibgar matarsa da bel, ya maka shi da bango. Kafin labarin ya ƙare yana birnin Washington, ya kama wani mai yi wa sanata romon baka don a jefa Amurka cikin rikicin Turai, ya riƙe shi yana gudu da shi a kan wayoyin sadarwa don ya tsorata ya faɗi wanda ya aiko shi. A fitowa ta 2 aka gano mai masana'antar makamai ne, sai Superman ya tilasta masa shiga soja ya je fagen daga ya ɗanɗana abin da yake sayarwa.

A fitowa ta 3, rami ya rufta da wani lebura a mahaƙar kwal, ya nakasa, mai mahaƙar kuma ya ce ba shi da sisi a wurinsa. Superman ya ɓad da kama ya zama lebura. Da attajirin ya kwashi baƙinsa na liyafa, maza da mata cikin kwalliya, ya kai su cikin ramin don nishaɗi, sai Superman ya rushe hanyar fita. Suka danna na'urorin neman agaji, ba ɗaya da ke aiki. Sai da mai gidan ya sha haƙa da hannunsa, numfashi na neman ƙare masa, ya yi alkawarin gyara, sannan aka buɗe musu hanya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na fitowa ta 8, Janairun 1939. Wasu yara 'yan unguwar marasa galihu sun faɗa sata. Superman ya bi su, ya tsorata su, amma da ya dubi inda suke kwana sai ya yanke cewa ba laifinsu ba ne su kaɗai, unguwar ce ke haifar da ɓarayi. Ya ga a jarida cewa idan guguwa ta rushe gari, gwamnati kan zo ta sake ginawa. Sai ya aika wa mazauna unguwar su kwashe kayansu, ya shiga rushe gidajen da hannunsa. Aka turo dakaru, aka turo jiragen sama suna sako bama-bamai a kansa, bama-baman suka ƙarasa masa aikin. A ƙarshe ga sabbin gidaje masu tsafta a wurin, shi kuma 'yan sanda na nemansa ruwa a jallo. Ban ce hanyar tasa daidai ce ba, wanda ya taɓa ganin rusau ya san ba a ginawa da saurin da ake rushewa. Amma dubi abin da samari biyu 'yan shekara 24 suka gaya wa yaran Amurka a kan senti 10: in ka ga yaro ya lalace, ka fara duba rufin da ke kansa.

Batman, wanda ya fito a Detective Comics ta 27 a Mayun 1939, shi ma da zafinsa ya zo. A labarinsa na farko ya naushi mugu ya faɗa cikin tankin ruwan guba, bai ko yi nadama ba, kuma a wasu fitowar farko har bindiga yake riƙewa. Sai kuɗi suka fara shigowa da gaske. Superman ya shiga jaridu a 1939, ya shiga rediyo a 1940, ga kayan wasan yara da hotonsa. Kaza mai ƙwan zinare ba a barinta ta yi faɗa da gwamna. Tun wajen 1940 kamfanin da ke buga su ya kafa wa kansa dokoki: sadauki ba ya kisa, ba ya gaba da hukuma. Aka haɗa Batman da yaro, Robin, a Afrilun 1940, duhun labarin ya ragu. Wannan yana da muhimmanci, domin mutane da yawa na ɗora wa ƙa'idojin tace mujallu na 1954 laifin ladabtar da sadaukai, alhali masu kamfani ne suka fara sa musu linzami shekara goma sha huɗu kafin nan.

Sai yaƙi ya ba su abokin gaba wanda ba mai jin haushin a dake shi. A Disambar 1940, shekara guda cur kafin Japan ta kai wa Amurka hari a Pearl Harbor, Joe Simon da Jack Kirby suka fito da Captain America, a bangon farko yana kai wa Hitila naushi a muƙamuƙi. A lokacin Amurka ba ta shiga yaƙin ba, kuma akwai masu ƙaunar Jamus a New York, har barazana suka riƙa aika wa ofishin. Tun kafin haka, a Fabrairun 1940, Siegel da Shuster sun zana shafi biyu a mujallar Look inda Superman ya cafko Hitila da Stalin ya kai su gaban shari'a a Geneva, har jaridar dakarun SS na Hitila ta mayar da martani tana zagin Siegel da Yahudancinsa. Wonder Woman ta biyo baya a ƙarshen 1941, daga alƙalamin wani masanin halayyar ɗan Adam, William Moulton Marston.

Da Amurka ta shiga yaƙin gadan-gadan sai wata matsala ta taso: in Superman zai iya gama yaƙi cikin yini guda, me zai sa 'ya'yan mutane su ci gaba da mutuwa a can? Aka warware ta da dabara. Clark Kent, wato Superman a shigarsa ta mutum gama-gari, ya je gwajin shiga soja, da aka ce ya karanta allon gwajin ido sai idonsa mai ratsa bango ya karanto na ɗakin da ke gaba, aka ce bai gani sosai, aka sallame shi. Ya zauna gida yana tallan takardun lamunin yaƙi. Waɗanda suka zana su kuwa sun tafi: an ɗauki Siegel da Kirby soja a 1943, Kirby ya yi yaƙi a Faransa, sanyi ya kusa cin ƙafafunsa. A wannan zamanin ne kuma aka riƙa tara tsofaffin takardu don aikin yaƙi, iyaye mata suka kwashe mujallun yara aka niƙa. Ga takardar ma mai araha ce, da ta kwana biyu sai ta yi ja ta fara karyewa. Shi ya sa daga cikin kusan kofe 200,000 na Action Comics ta farko, abin da ake jin ya rage bai wuce ɗari ba, har aka sayar da guda a kan dala miliyan 6 a Afrilun 2024.

Akwai abin da ba zan tsallake ba don ina son waɗannan mujallu. Yadda aka zana Japanawa a shekarun yaƙi abin kunya ne: haƙora kamar na kura, fata rawaya shar, ba alamar mutuntaka. Baƙar fata kuwa, in ya fito, bawan barkwanci ne mai manyan leɓɓa, matsoraci. Afirka daji ce kawai, inda wata Baturiya ko wani Bature sanye da fatar damisa ke mulkin mutanen da aka zana da ƙashi a hanci. Mai karatu daga wannan nahiya ba ya buƙatar a yi masa bayani, yana buɗe shafin zai ji abin a jikinsa. A 1947 wani ɗan jarida baƙar fata a Philadelphia, Orrin C. Evans, ya fitar da All-Negro Comics, wadda baƙaƙe zalla suka rubuta suka zana, da wani sadauki baƙar fata ɗan Amurka mai ilimi da aka tura Afirka, ana kiransa Lion Man. Fitowa ɗaya ta yi.

Bayan 1945 kasuwar sadaukai ta faɗi. Sojan da ya ga gawarwaki a Turai ba ya sha'awar mai alkyabba. Labaran soyayya da na 'yan fashi da na ban tsoro suka karɓe teburin mai jarida. Zuwa tsakiyar shekarun 1950, Superman da Batman da Wonder Woman na cikin ƙalilan da suka ci gaba da fita a mujallun kansu ba yankewa. Kamfanin EC na William Gaines ya shahara da labaran ban tsoro masu kyan zane da yawan jini. Hankalin iyaye ya tashi. A 1948 an tara mujallu an cinna musu wuta a wasu garuruwa, ciki har da Spencer a jihar West Virginia da Binghamton a jihar New York, yaran makaranta ne ma suka tattaro su gida-gida. Wanda ya ga cece-kucen da aka sha a Kano kan littattafan soyayya ba zai ji wannan baƙon abu ba: abin karatu mai araha, yara na ɓoye shi a cikin littafin makaranta, manya na tsoron abin da ke ciki.

A nan Fredric Wertham ya shigo, kuma ya cancanci a yi masa adalci, domin masoya komik sun mayar da shi dodo. Likitan ƙwaƙwalwa ne haifaffen Jamus. A 1946 ya buɗe asibiti mai rahusa a unguwar Harlem don baƙaƙen fata da ba a kula su a wasu wuraren, kuma shaidar da ya bayar a kotu kan illar raba makarantun farare da baƙaƙe ta shiga cikin shari'o'in da suka kai ga soke wariyar a 1954. Ya tsani yadda mujallun ke zana baƙaƙe, ya tsani tallan wuƙaƙe da bindigogin wasa a bayansu, kuma a nan yana da gaskiya. Inda ya kauce shi ne lissafinsa. Yaran da ake kawo masa masu laifi duk suna karanta komik, sai ya ce komik ne ya lalata su, ya manta cewa kusan kowane yaro a Amurka na karantawa, har da waɗanda ba su taɓa satar allura ba. A littafinsa na 1954, Seduction of the Innocent, ya ce Superman na koya wa yara bautar ƙarfi irin ta 'yan Nazi, ya ce zaman Batman da Robin a gida ɗaya na cusa tunanin luwaɗi. A 2012 wata malamar jami'a, Carol Tilley, ta binciki takardunsa na asali ta nuna cewa ya sauya shekarun wasu yaran, ya haɗa maganar yara daban-daban ya mai da ta mutum ɗaya, ya kuma zubar da bayanan da ba su dace da ra'ayinsa ba, kamar halin da gidajensu ke ciki.

A Afrilun 1954 kwamitin Majalisar Dattawa kan lalacewar yara ya zauna a New York, ana nunawa a talabijin. Sanata Estes Kefauver ya ɗaga bangon wata mujallar EC mai hoton mutum riƙe da gatari da kan mace, ya tambayi Gaines ko wannan ya dace. Gaines ya ce a mujallar ban tsoro ya dace. Washegari maganar tana shafin farko na jaridu, shi ke nan an gama da shi. Abin da ke ci mini rai shi ne, shekara goma sha biyar kafin wannan zama, a cikin irin takardar da ake tuhuma, an riga an yi tambayar da kwamitin ya zauna a kanta, an kuma nuna unguwa da talauci da yatsa. Yanzu yatsan ya juyo kan takardar.

Majalisa ba ta kafa doka ba. Kamfanonin ne, don tsoron kada a kafa, suka haɗu a Oktoban 1954 suka kafa hukumar tace kansu, Comics Code Authority, suka ɗora wani alƙali, Charles F. Murphy, a kanta. Kowane shafi sai an kai an duba kafin a buga, wanda ya tsallake a manna masa ɗan hatimi mai kama da kan sarki a kusurwar bango. Ƙarfin hatimin a hannun dillalai yake: mujallar da ba ta da shi, sau tari ba mai rarraba ta, sai a mayar da ita a ɗaure yadda ta zo. An hana kalmomin ban tsoro a sunan mujalla, an hana masu shan jini da gawa mai tafiya. Amma sharuɗɗa biyu ne suka shafi tambayarmu kai tsaye. Na ɗaya, dole a kowane labari alheri ya rinjayi sharri, mai laifi ya sha hukunci. Na biyu, ba a yarda a nuna ɗan sanda ko alƙali ko jami'in gwamnati ko wata cibiya mai daraja ta hanyar da za ta jawo raina hukuma ba. A auna labaran 1938 da 1939 da wannan ma'auni: kotun da ta kusa kashe marar laifi, sanatan da ake saye, dakarun da suka yi wa unguwa ruwan bama-bamai. Da wuya ɗaya ya tsallake.

Yadda aka yi amfani da hatimin ya fito fili a kan wani gajeren labarin EC mai suna Judgment Day. Wani ɗan sama jannati, fuskarsa rufe da kwalkwali, ya je duniyar mutum-mutumi don ya ga ko sun cancanci shiga tarayyar duniyoyi. Ya tarar kala biyu ne, ruwan lemo da shuɗi, kayan cikinsu iri ɗaya sak, amma shuɗayen an ware su a unguwar baya. Ya ce ba su isa shiga ba tukuna. A zanen ƙarshe, cikin kumbonsa, ya cire kwalkwali, sai ga baƙar fata, gumi na ƙyalli a fuskarsa. Da za a sake buga labarin a ƙarƙashin sabuwar hukumar, Murphy ya ce a sauya launin mutumin. Babu sharaɗin da ya ce haka. Gaines ya ƙi, ya yi barazanar tona maganar, aka buga shi yadda yake a farkon 1956. Ita ce mujallar komik ta ƙarshe da EC ta fitar a wancan zamani.

To, sadaukin da aka hana shi taɓa mai mulki, aka hana shi tsoratarwa, wa zai daka? Sai aka koma sararin samaniya da abin al'ajabi. Batman ya sami kare mai rufe fuska a 1955, aka kawo Batwoman a 1956 don a kashe waccan magana ta Wertham, a 1957 ya fito da kaya kala-kala kamar bakan gizo, yana fafatawa da halittun wasu duniyoyi. Superman ya sami kare, ya sami 'yar baffa, ga wani jan dutse da ke sauya masa siffa kowane wata. Mutane kan yi wa wannan zamani dariya, ni kuwa ina ganin ƙwazon mutanen da aka ɗaure wa hannu suka koyi saƙa da yatsun ƙafa. Kuma in ka lura, a ƙarƙashin wasan akwai baƙin ciki. Labaran Superman na ƙarshen shekarun 1950 cike suke da maraici: mutumin da ya fi kowa ƙarfi yana komawa baya cikin zamani ya ga iyayensa, ya kasa hana duniyarsu fashewa.

Farfaɗowar ta fara a 1956 da sabon Flash, sadauki mai tsananin gudu, a mujallar Showcase ta 4. Amma girgizar gaske ta zo a Nuwamban 1961, watanni kaɗan bayan Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet ya zagaya duniya, lokacin da Stan Lee da Jack Kirby suka fitar da Fantastic Four a kamfanin da ya zama Marvel. Mutum huɗu sun saci hanya sun hau kumbo don su riga 'yan gurguzu, wani haske na sararin samaniya ya ratsa su, ɗayansu ya koma dodon dutse yana tsinewa ranar da aka haife shi. Hulk na 1962 gwajin bam ne ya haife shi. Gizo-gizon da ya ciji Peter Parker, yaron da ya zama Spider-Man, tururin nukiliya ya taɓa shi. Tsoron zamanin kenan, a shekarar da rikicin makamai masu linzami na Kyuba ya kusa tayar da yaƙin duniya. Dabarar Marvel ita ce: tunda an hana sadauki faɗa da na sama, sai a mayar da faɗan cikin gidansa da cikin ƙirjinsa. Babu sharaɗin da ya hana jarumi talauci ko nadama.

Spider-Man, na Lee da Steve Ditko, ya fito a Amazing Fantasy ta 15, Agustan 1962, a shafi 11 kacal. Maraya ne a hannun kawunsa da matar kawun. Da ya sami ƙarfi bai yi tunanin taimakon kowa ba, kuɗi ya nema a kokawa da talabijin. Ɓarawo ya wuce ta gabansa, ɗan sanda na ihu a tare, ya ce ba aikinsa ba ne. Kwanaki kaɗan aka kashe kawunsa, da ya kama makashin ya ga fuskarsa, wannan ɓarawon ne. A labarin da ya biyo baya mai gida na neman kuɗin haya, yaron ya hango gwaggonsa tana jinginar da 'yan kayan adonta a ɓoye. Ya yi wasa aka biya shi da cek da sunan Spider-Man, ya je banki da rufaffiyar fuska, ma'aikaci ya ce sai ya kawo shaidar cewa shi ne. Ya fito hannu rabbana.

In mutum zai duba shafuka biyar kawai daga duk wannan tarihi, ni dai zan ce ya nemi farkon Amazing Spider-Man ta 33, Fabrairun 1966. Tulin ƙarafa masu nauyin gaske sun danne shi a wani gini a ƙarƙashin ruwa. Rufi na yoyo a kansa. Maganin da zai ceci gwaggonsa, wadda jininsa da aka ƙara mata ne ya sa ta ciwo, yana ajiye 'yan taku kaɗan a gabansa, hannunsa ba ya kaiwa. Ditko ya fara da ƙananan gidajen zane a matse, kamar mai karatu ma an danne shi. Yaron ya gwada ya kasa, ya tuna kawunsa, ya sake gwadawa. Gidajen suna raguwa suna ƙara girma, ɗigon ruwa ya zama kwarara, har a shafi na biyar zane ɗaya ya cika shafin baki ɗaya, ya miƙe da ƙarfen a sama. Ba wanda aka nausa a shafukan nan. Duk lokacin da na kai wurin sai na ji na saki numfashin da ban san na riƙe ba.

Daga nan ƙofa ta fara buɗewa. A Yulin 1966, shekara shida bayan ƙasashen Afirka 17 sun sami 'yancin kai a shekara guda, Lee da Kirby suka kawo Black Panther a Fantastic Four ta 52: sarkin wata ƙasar Afirka ta almara da ta fi Amurka fasaha, wanda ya gayyato jaruman ya gwada ƙarfinsa a kansu ɗaya bayan ɗaya. Akwai sauran ɗanɗanon tsohon kallon daji a zanen, amma tazarar da ke tsakaninsa da mai ƙashi a hanci ba kaɗan ba ce. A Afrilun 1970, a Green Lantern ta 76, Denny O'Neil da Neal Adams suka sa jarumin ya kare wani mai kuɗi daga wani saurayi, sai ya gano mai kuɗin mai gidajen haya ne da ke shirin korar talakawa. Wani tsoho baƙar fata ya tare shi ya ce ya ji yana yi wa masu shuɗiyar fata aiki, ya taimaki masu wasu launuka a wasu duniyoyi, me ya taɓa yi wa baƙaƙe? Jarumin ya sunkuyar da kai. Bayan shekara talatin da ɗoriya, mai gidan haya ya dawo cikin waɗanda aka yarda a tuhuma.

A 1971 ma'aikatar lafiya da ilimi ta gwamnatin Amurka ta roƙi Stan Lee ya yi labarin gargaɗi kan miyagun ƙwayoyi. Hukumar tacewa ta ƙi ba da hatimi, wai ba a ambaton ƙwaya ko da don a hana. Marvel ta buga fitowa ta 96 zuwa 98 na Spider-Man ba hatimi, dillalai suka karɓa, aka saya. A shekarar aka sassauta sharuɗɗan, har aka yarda a nuna jami'i mai cin hanci muddin zai sha hukunci. Hatimin ya ci gaba da rayuwa da ƙyar, Marvel ta bar shi a 2001, na ƙarshe suka bar shi a 2011.

Saura mutum ɗaya da ba a taɓa yarda a ɗaga wa hannu a shafin ba, shi ne mai kamfanin mujallar. Bill Finger, wanda ya rubuta labaran Batman na farko ya kuma tsara yawancin siffarsa, ya rasu a 1974 ba sunansa a kai, sai a 2015 aka fara rubuta shi kusa da na Bob Kane, mai zanen da aka daɗe ana sa sunansa shi kaɗai. Ditko ya bar Spider-Man a 1966, Kirby ya bar Marvel a 1970 da ɓacin rai kan suna da haƙƙi, ya rasu a 1994, sai a 2014 magadansa suka sasanta da kamfanin, shekara biyar bayan Disney ta saye shi a kan kusan dala biliyan 4. Siegel da Shuster sun kai ƙara a 1947 suna neman Superman, suka rasa shi, aka kore su, aka goge sunayensu daga mujallar. Zuwa 1975, ana shirin babban fim ɗin Superman, Siegel ƙaramin ma'aikacin ofis ne a California, Shuster kuma idanunsa sun kusa mutuwa, yana zaune a New York cikin rashi. Siegel ya rubuta wa 'yan jarida doguwar takardar koke, masu zane irin su Neal Adams da Jerry Robinson suka tsaya musu, har a Disambar shekarar kamfanin Warner, mai mallakar Superman a lokacin, ya amince ya riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara har mutuwa, a kuma mayar da sunayensu. Shuster ya rasu a 1992, Siegel a 1996. Cek ɗin da aka rubuta musu ranar 1 ga Maris 1938, wanda dala 130 ta Superman ke cikinsa, an yi gwanjonsa a 2012 a kan dala 160,000. Wanda ya rubuta shi bai rubuta sunan ko ɗayansu daidai ba, sai da suka sa hannu a baya iri biyu, da kuskuren da kuma na gaskiya, kafin banki ya biya su.